'Yan Sanda da Binciken Zaluntar Dabbobi a Ƙasar Bagudo

Ƙasar Bagudo ƙasa ce ta dabbobi. Duk wanda ya ƙetare Kogin Kwara ta gadar Tuga ya nufi Ka'oje, ko ya miƙe zuwa Illo da Lolo, ko kuwa ya bi hanyar Tsamiya inda ake shiga Jamhuriyar Benin ta wajen Segbana, da wuya ya yi tafiya mai nisa bai gamu da garken shanu ba, ko jaki ɗauke da mangala, ko bijimai biyu suna jan amalanke. Da shanu ake huɗa, da jakuna ake kai amfanin gona gida da kasuwa, kuma da kuɗin akuya da tunkiya iyaye da yawa suke biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Ga shi kuma muna bakin iyaka, dabbobi suna shigowa suna fita, waɗansu ta hanyar da Hukuma ta sani, waɗansu ta daji ko ta ruwa cikin dare.

To, inda dabbobi suka yi yawa haka, ba a rasa masu zaluntarsu. Abin da nake so mu duba a nan, 'yan'uwana ɗalibai, shi ne wanda ya kamata ya bi kadin wannan zalunci, da kuma irin ilmin da yake bukata kafin ya iya.

Mutane da yawa suna tsammani dabba dukiya ce kawai, mai ita yana da ikon ya yi yadda ya ga dama da ita. Doka ba haka ta ce ba. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda aka yi a shekarar 1959 ta fara aiki a 1960, ta keɓe babi guda a kan wannan magana. Sashe na 207 ya hana dukan dabba na rashin imani, da azabtar da ita, da shirya faɗan zakaru ko raguna ko bijimai, ya kuma tanadi ɗauri wanda zai iya kai shekara ɗaya. Sashe na 208 ya yi magana a kan wanda ya labta wa dabba kayan da suka fi ƙarfinta, ko ya sa ta aiki alhali tana da miki ko ciwo ko tsufa, ko ya yi sakaci da ita har ta wahala. Sashe na 209 kuwa ya bai wa kotu ikon ta karɓe dabbar daga hannun mai ita ta ba da ajiya, ko ta sa a kashe ta in wahalar ta kai inda ba magani. Wannan doka ita ce Jihar Sakkwato ta gada, Jihar Kebbi kuma ta gada daga Sakkwato sa'ad da aka ƙirƙiro ta a 1991. Tarar da aka rubuta a cikinta tun zamanin fam da sule aka yanka ta, saboda haka da tafiya ta yi tafiya sai ta zama ba ta kai kuɗin damin harawa ba.

Kada kuma wani ya ce ai wannan baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Malamanmu da ke karantar da littafin Muhtasar na Shaihu Halil a zaure sun san cewa an wajabta wa mai dabba ya ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya ƙi kuwa alƙali na iya tilasta a sayar da ita. Yaro ƙarami ma ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba.

Doka dai an kafa ta shekara fiye da 60 da suka wuce. Amma mai karatu ya tambayi kansa, sau nawa ya taɓa jin an gurfanar da mutum gaban alƙali domin ya karya ƙafar jakinsa? Dalilin a fili yake. In an mari mutum, da ƙafarsa zai tafi caji ofis, ya faɗi sunan wanda ya mare shi, ya kawo shaidu. Jaki ba ya da bakin kai ƙara. Wanda ya kamata ya kai ƙara a madadinsa, watau mai shi, sau da yawa shi ne ma mai laifin. Saboda haka babu abin da ya rage sai jikin dabbar, shi ne mai ƙara, shi ne kuma shaida. Ɗan sandan da ba a koya masa duba wannan jiki ba, ko an ajiye masa shaidar a gabansa zai wuce ta bai gane ba.

Abu na farko da ake koya masa shi ne ya yi amfani da idonsa kafin ya yi amfani da bakinsa. In ya isa wurin, kada ya fara da gardama da mai dabba. Ya tsaya ya duba inda aka ɗaure ta. Akwai inuwa? Akwai ruwa a kwatarniya, ko ta bushe har ƙura ta cika ta? Igiyar tana da tsawon da dabbar za ta iya kwanciya? Kashin da ke gindin turke ɗanye ne ko busasshe, kuma yawansa na nuna kwana nawa ta yi nan ba a gusar da ita ba? Duk wannan ya rubuta a littafinsa tare da rana da lokaci, ya ɗauki hoto daga nesa don a ga wurin, sa'an nan daga kusa don a ga raunin. Yanzu da kusan kowane kurtu ke da waya mai ɗaukar hoto, wannan bai zama abin wahala ba. Ana koya masa ya ajiye wani abu da aka san girmansa, kamar biro ko kwalin ashana, kusa da raunin kafin ya ɗauka, domin alƙalin da bai je wurin ba ya gane faɗinsa.

Rauni kuwa iri-iri ne, kuma kowane yana da labarin da yake bayarwa. Dukan tsumagiya yakan bar shatar layi-layi a gadon baya ko cinya. Dabaibayin da aka ɗaure tamau yakan ci fata ya zagaye ƙafa kamar mundaye. Mikin da akumari ya haddasa yana zama a daidai inda kaya ke gogawa, kuma in ya warke sau da yawa farin gashi ke tsirowa a gurbin. Saboda haka ɗan sandan da ya ga jaki da ɗanyen miki a tsakiyar fararen tabbai, ya san ba yau aka fara ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin abin da mai dabba yakan ce kullum shi ne, “Ai tsautsayi ne, jiya ta faɗa rami.” Faɗuwa sau ɗaya ba ta barin raunuka masu shekaru daban-daban. Haka nan kofaton da ya yi tsawo har ya lanƙwashe sama, ba a mako ɗaya yake kai haka ba.

Sai dai a nan ne kuma ake bukatar hattara, kada garin gyara a zalunci mutum. Ba duk saniyar da haƙarƙarinta ya fito ce aka hana wa abinci ba. A ƙarshen rani, wajen watan Afrilu da Mayu, shanun kowa sun rame. A bakin Kwara da dazuzzukan da ke wajen iyaka akwai ƙudan tsando, mai sa sammore, kuma saniya mai sammore tana ci tana ramewa. Ciwon hanta ma haka yake yi wa dabbobin da ke kiwo a fadama. Talakan da ya sayar da hatsinsa ya sayi magani bai yi nasara ba, ba ɗaya yake da wanda ya ɗaure jaki a rana ya tafi yawonsa ba. Ɗan sanda ba zai iya rarrabe waɗannan shi kaɗai ba, kuma ba a ce ya zama likita ba. Abin da ake so ya sani shi ne lokacin da zai kira likitan dabbobi ko malamin asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma, da irin tambayar da zai yi masa, da yadda zai karɓi rahoto a rubuce mai sa hannu wanda kotu za ta yarda da shi.

Bari in daɗe kaɗan a kan wani misali, domin a ganina shi ne ya fi shafar zaman lafiyarmu. A ce an wayi gari an tarar da shanu shida matattu kusa da wata gona. Nan da nan makiyayi zai ce manomi ne ya zuba guba, manomi kuma zai rantse bai san zancen ba. Kafin azahar magana ta kai rugage da ƙauyuka, kowa ya fara wasa addarsa. Alhali kuwa abubuwa da dama na iya kashe shanu farat ɗaya. Yana yiwuwa da gaske gubar ce. Yana yiwuwa sun ci gyauron dawa ne, wanda makiyaya suka daɗe da sanin yana kisa, musamman in fari ya buge shi. Yana yiwuwa sun sami takin zamani da aka bari a buɗe suka lasa. Yana kuma yiwuwa ciwon saifa ne. Ɗan sandan da aka horar zai hana jama'a taɓa mushen, ya killace wurin, ya nemi likita tun gawar ba ta kumbura ba, don a irin zafinmu yini ɗaya ya isa ya lalatar da shaida. In ya ga baƙin jini yana fita ta hanci da dubura, ba ya kuma daskarewa, to, an koya masa kada ya yarda a feɗe ta sam, domin alamar saifa ke nan, tana kama mutane, ƙwayoyinta kuma suna shekaru a cikin ƙasa. In ba haka ba ne, likita zai ɗebi abin da ke cikin tumbi da yankin hanta, tare da ruwan da suka sha da ciyawar wurin. A zuba kowane a mazubinsa, a rufe, a liƙa takarda mai ɗauke da rana da wuri da sunan wanda ya ɗiba, a kuma rubuta duk hannun da ya bi har ya isa ɗakin gwaji, kamar na Tsangayar Likitancin Dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, wadda take aiki tun 1924. In ba a kiyaye wannan rubutu ba, lauya zai miƙe ya ce ba a tabbatar abin da aka gwada shi ne aka ɗebo daga wurin ba, shari'a kuma ta rushe.

Haka abin yake idan aka sare agarar saniya domin ta shiga gona. Ɓarnar gona laifi ne mai diyyarsa, saran dabba kuma wani laifi ne daban, ɗaya ba ya goge ɗaya. In Hukuma ta zo da wuri ta auna gonar, ta kuma duba saran, ta rubuta duka biyu, kowane ɓangare zai ga an saurare shi. In ba ta zo ba, ramuwar gayya ce ke biyo baya, ita kuwa ba a kan saniya take tsayawa ba.

Sa'an nan ga zancen mota. Kowa ya ga yadda ake loda shanu a tirela za a kai su Ibadan ko Legas, a bi ta Koko da Yawuri da Kwantagora, a ƙetare gadar Jebba. Ana ɗaure ƙaho, a cusa su jiki da jiki, a ɗora awaki da buhuna a bisa katako, mutane kuma su hau can sama. Wadda ta faɗi tun farkon tafiya, 'yan'uwanta za su yi ta taka ta har a isa. Motocin nan suna wuce shingayen 'yan sanda bila adadin, ana duba lasin da takardun mota, amma da wuya a sami wanda zai leƙa cikin bodi. Da an koya wa na bakin shinge ya haska tocila ya ƙirga, ya tambayi yaushe aka loda da kuma yaushe aka ba su ruwa, ya nemi takardar likitan dabbobi, da direbobi da fatake sun canza hali. Su ma fataken ai riba ce gare su, don saniyar da ta isa kara a mace ko a karye asara ce.

Abin da ya sa na ce Bagudo ta fi wurare da yawa bukatar wannan horo shi ne cinikin fatar jaki. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai kama da ƙaro wanda suke kira ejiao, suna sha a matsayin magani. Da jakunansu suka ƙaranta sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Jaka kuwa takan yi wajen wata 12 da ciki, ta haifi ɗa guda, saboda haka ba ta iya mayar da gurbin waɗanda ake yankawa. Jamhuriyar Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da jakuna a shekarar 2016, kuma a watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a taronsu na Addis Ababa da a hana yanka jaki domin fatarsa a nahiyar baki ɗaya. Mu ma abin ya iso ƙofarmu, domin a 2022 jami'an kwastan na Kebbi sun ba da sanarwar kama fatun jakuna fiye da 2,000 a bakin ruwa cikin ƙasar Bagudo.

Wanda fata kawai yake so, bai damu jakin ya ci ko ya sha ba. Ana koro su tafiyar kwanaki ba hutu, a tara su a daji, a kashe su ta hanyar da ba ta dace a bayyana a mujallar makaranta ba, a bar gangar jiki tana ruɓa. Kwastan aikinsa ya kama haramtattun kaya ya ƙiyasta kuɗinsu. Amma kowace fata daga jikin jaki guda aka feɗe ta, kuma waɗansu daga cikin jakunan satowa aka yi daga turken talaka wanda da su yake ɗebo ruwa da itace. Gano inda aka yanka su, da wanda ya koro su, da wanda ya saya, wannan aikin ɗan sanda ne. Jami'in da ya san yadda zai duba lalas ko tsagar kunne a jikin fata, ya kuma kai ta gaban dillalai da sarkin kasuwa su shaida, yana iya kamo zaren da zai kai shi har ga ɓarawon.

Iyaka tana ƙara wa aikin wuya. Mai laifi na iya yin ɓarna a Lolo da safe, ya ci abincin rana a ƙasar Benin. A can dokarsu daban, harshen ofis Faransanci, kuma tun 2018 suka haɗe 'yan sandansu da jandarmomi suka zama runduna guda. Abin da ya sauƙaƙa shi ne mutanen ɓangarorin biyu 'yan'uwa ne, Dandawa da Fulani da Bokawa da Hausawa, suna auratayya suna cin kasuwannin juna. Ɗan sandan da ya iya ɗan Fulatanci ko Dandanci, ya kuma san ardo da dagaci da sarkin pawa, zai ji abin da takarda ba za ta gaya masa ba. Ya kamata kuma ya san takardun da makiyayi mai ƙetare iyaka yake riƙewa, irin wadda ƙungiyar ECOWAS ta tsara a 1998 mai nuna yawan dabbobi da allurar da aka yi musu da hanyar da za su bi.

Na san akwai mai cewa, “Haba, ana fama da 'yan bindiga da ɓarayin shanu, wa ke ta jaki?” Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, don 'yan sandanmu ba su da yawa, wani ofishin ma babur ɗaya gare shi. Amma ya lura, dabarun da na ambata, watau killace wuri, da ɗaukar hoto, da adana shaida, da rubuta bayanin shaidu, su ne dai ake bukata a binciken sata da kisan kai. Kurtun da ya iya su a kan mushen saniya ba zai ruɗe ba ran da aka kira shi kan abin da ya fi haka. Bayan wannan, masu bincike a ƙasashen waje sun lura cewa wanda ya saba azabtar da dabba sau da yawa ba ya tsayawa nan, yakan kai ga matarsa da 'ya'yansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar FBI ta Amurka ta fara ƙidayar zaluntar dabbobi a matsayin laifi mai zaman kansa a 2016.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu. A Ingila wani ɗan majalisa mai suna Richard Martin ya sa aka yi dokar kare shanu da dawaki a 1822, amma sai aka ga doka ba ta tafiya da ƙafarta, shi ya sa a 1824 aka kafa ƙungiya a London wadda daga baya ta ɗauki ma'aikata masu zagaya kasuwanni da mahauta suna kai masu laifi kotu. Ƙasar Holan ta keɓe 'yan sandan dabbobi a 2011, da lambar waya 144 da jama'a ke kira. A birnin New York kuwa, daga 2014 'yan sanda ne suka karɓi aikin binciken, ƙungiyar kare dabbobi kuma ta riƙe ɓangaren magani da gwaji.

Mu ba sai mun kafa sabuwar runduna ba. Makarantu muna da su, ga kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, ga makarantar horarwa ta Sakkwato, ga babbar makarantar Wudil ta Jihar Kano. Rundunar kanta tana da sashen dawaki da karnuka, da likitocin dabbobi masu sanye da kaki. Su ne za su iya tsara darasi na 'yan kwanaki, rabi a aji rabi a kara da mahauta, inda kurtu zai koyi kusantar bijimi ba tare da ya sha ƙaho ba, da tsayawa inda jaki ba zai harbe shi ba, da gane mahaukacin kare tun daga nesa.

Akwai matsala guda da darasi kaɗai ba zai warware ba, ita ce inda za a ajiye dabbar da aka karɓe. Wuƙa ko bindiga ana kulle ta a ɗakin shaida ta shekara ba ta ci ba ta sha. Jaki kuwa kullum sai an ba shi ruwa da harawa, shari'a kuma tana iya ɗaukar watanni. In aka ɗaure shi a gindin bishiyar caji ofis aka manta da shi, to, Hukuma da kanta ta aikata abin da doka ta hana. Saboda haka tun kafin a kama na farko, ya kamata baturen 'yan sanda na Bagudo da shugaban ƙaramar hukuma da hakimai su zauna su tsai da wurin ajiya, ko a asibitin dabbobi ko a hannun sarkin shanu, su rubuta wanda zai biya kuɗin abinci kafin a yanke hukunci, su kuma roƙi alƙalai su riƙa sauraron irin wannan ƙara cikin mako guda ko biyu.